Na Gama Farawa a Durƙushe

Zuwa ga Yaya, ɗan Gwaggona, mai walda a dajin da waya ba ta kamawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ƙarfin motar da za ta kawo maka ita. Da fatan kana lafiya, kuma wutar walda ba ta ƙarasa cinye maka gira ba. Mu nan ƙalau. Gwaggo ta samu sauƙin tari, har faɗanta ya dawo, jiya ni ta fara wankewa don na bar mata ƙofa a buɗe. Ta ce in gaya maka ka daina aiko da hoton da ka fito a rame.

Gidan horonka na kokawa yana nan yadda ka bar shi. Tela yana riƙe da darasi, ni ina riƙe da makulli da tsintsiya. Rufi ya fara yoyo daidai kan ginshiƙin tsakiya da ka naɗe da tsohuwar katifa, mun tara bokiti.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mun je gasar kokawar jiyujitsu da ka ce kada mu fasa, kuma mun ci ƙasa, Yaya, har mun ƙoshi. Ka san a gidanka ba a taɓa fara kokawa a tsaye ba. Ɗaki ƙarami, fanka dab da kai, katifa siririya a kan siminti, sai ka kafa doka: kowa ya durƙusa, a tafa, a fara. To, can ba a durƙusawa. Alƙali ya ce a fara, muka tsaya kamar kajin da aka saki a sabon gida. Ni da wani gajere aka haɗa ni, mai wuya kamar turmi. Ina cikin tunanin inda zan kama, sai na ga fitilun rufi suna wucewa ta ƙarƙashin ƙafata. Kafin numfashina ya dawo daga inda ya tafi yawo, yana zaune a ƙirjina. Tela ya yi dabara, yana jin an ce a fara ya zube da gindi, mutumin ya zagaye ƙafafunsa kamar mai zagaye kwata.

Abin da ka koya mana a ƙasa gaskiya ne, ba na musu. Amma mun iya zaman ɗaki ne, ba mu san ƙofar shiga ba. Ni nake wanke kayan horon gidan nan a shagon wanki da guga inda nake aiki, don haka na san sirrin kowa. Wandunanmu duk gwiwa ce ta mutu, Tela ya yi faci a kan faci, rigunanmu kuwa wuyansu sabo fil. Waɗanda suka kayar da mu, nasu wuyan riga da hannu ne suka zare.

Na bi gajeren nan na tambaye shi. Ya ce jiyujitsu yake yi kamar mu, amma yana ƙarawa da judo, kokawar kayarwa daga tsaye, wajen wani tsohon ɗan kwana-kwana da ya yi ritaya, a bayan ofishinsu. Ina neman izininka in riƙa zuwa a ranakun da ba mu da darasi.

Tela yana gaishe ka, ko da yake ni ba ya yi mini magana tun da na ɗinke masa ƙafar wando da kekensa.

Haza wassalam, daga mai kuka a kunnenka,
Sauro

*

Sauro,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso a cikin kayan abinci, ta sha mai a kusurwa amma ta karantu. Lafiyata ƙalau, girata tana nan. Na ji daɗin labarin Inna. Ka tabbata ta shanye maganin, kada ta ajiye don ta ji sauƙi, na san halinta. Yoyon nan kada ku bar shi ga bokiti, in ruwa ya shiga katifa ruɓewa za ta yi. A kira mai gyaran rufi.

Maganar gasa ta yi mini zafi, amma shan kaye ba mutuwa ba ne. Laifin ba na tsayuwa ba ne. Wanda ya iya ƙasa, riga zai kama ya zauna ya jawo abokin karawarsa cikin ƙafafunsa, daga nan wasan nasa ne. Ba ku kama da kyau ba ne kafin ku zauna. Na rubuta wa Tela ya ƙara muku wannan.

Tatsuniyarka ta ɗan kwana-kwana kuwa na karanta na yi dariya, har abokin aikina ya tambaye ni ko lafiya. Kai ne ka taɓa rubuto mini cewa mai ginin ya zuba zomaye a gidan horo, na wuni ban ci abinci ba. Wannan karon ban kamu ba. Ka ba Tela haƙuri, ya girme ka.

Yayanka

*

Yaya na kaina,

Sallama da gaisuwa da fatan alheri. Gwaggo ta shanye magani, na tsaya a kanta kamar ɗan sanda, ta ce Allah ya ba ni ɗa mai halina. An toshe yoyo.

Ka ce ka yi dariya. To, a inda na yi karatu, in ka nemi izini Malam ya yi dariya bai ce a'a ba, an ba ka hanya ke nan. Na je.

Wurin tsohon ɗakin ajiyar tiyo ne, rufi can sama, katifa mai kauri har ƙafa tana nutsewa. Tsohon, kowa Baba yake ce masa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Nuna mini yadda kake faɗuwa." Na ce, "Baba, kayarwa na zo koyo. Faɗuwa kam gidanmu mun yi suna." Ya ɗan shafi idon sawuna da ƙafarsa, na tafi, na miƙa hannu zan tokare. Ya ce, "Hannun nan na aro ne? In naka ne, daina miƙa wa ƙasa shi."

Daga ranar na daɗe ban kayar da ko kujera ba. Faɗuwa kawai. Haɓa a ƙirji, a daki katifa da tafin hannu, a mirgina ta kafaɗa. Gaba, baya, gefe, a tashi a sake. Ina guga da rana ina jin kamar ni aka goge. Sai da ya ga na daina tsoron ƙasa sannan ya nuna mini sharar ƙafa da ɗaukar mutum a kwankwaso. Ya kuma tura ni wajen wasu leburori da ke kokawa a kan yashi a gidan bulo, ya ce su ba su da rigar da za a kama, za su koya mini inda ake sa kai da yadda ake hana mutum ɗauke maka ƙafa. Sun koya mini kuwa, da mugunta. Kunnena na hagu ya kumbura, Gwaggo ta ɗauka zanzaro ne ya harbe ni, ni kuma ban ƙaryata babba ba.

Abin da zai ba ka mamaki, a ƙasan ma na ƙaru. Leburorin nan sun nuna mini yadda ake sakar wa mutum nauyi. In na hau kan Tela yanzu ba ya iya juye ni, shi da yake juya ni kamar filo. Wai na yi ƙiba. Ni, Sauro!

In an tashi darasi nakan tsayar da masu so in nuna musu faɗuwar. Daga tsugune muke yi, kusa da ƙasa, ba wanda ke ɗaga wani. Tela yana tsayawa a bakin ƙofa yana kallonmu, fuska kamar allurarsa ta karye a tsakiyar aiki.

Ka ci abinci, ka ji abin da Gwaggo ta ce.

Sauro

*

Sauro,

Bayan sallama, ina lafiya. Ka gaida Inna.

Mota ta zo da takardar Tela, taka babu. Ko ba ka rubuta ba ne don ka san abin da ka aikata?

Ashe ba tatsuniya ba ce. Kana ɗaura ɗamarar da na ɗaura maka da hannuna kana hawa katifar wani. Hakan bai ishe ka ba, sai da ka kwaso abin da ka gano ka shigo da shi ɗakina, kana tara mini mutane bayan darasi.

Kana yaro lokacin da muka buɗe wurin nan ni da abokina. Shi ma da "bari in leƙa can in ƙaro" ya fara, ya ƙare da tafiya da rabin ɗalibaina. Dokar durƙuso kuma ba don lalaci na kafa ta ba. Kafin ita, na ɗauki wani magidanci a kafaɗata daga ɗakin nan zuwa asibiti. An kayar da shi, ƙeyarsa ta samu siminti ta cikin katifa. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma ni na je na tsaya gaban matarsa na yi bayani. Kai ba ka taɓa tsayawa gaban matar kowa ba, shi ya sa komai wasa ne a wurinka.

Ka zaɓa. Ko ka daina zuwa wajen tsohon da leburorinsa, ka bar mini mutanena, ko ka ba Tela makulli da ɗamara, kuma kada ka shiga gasa mai zuwa da sunan gidana. Wasan da ke tsakanina da kai bai shiga nan ba.

Yayanka

*

Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Gwaggo lafiya. Ban gaya mata ba, amma ta ga ina cin abinci ba surutu, ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne.

Takardata motar farko ce ta wuce ta bar ta, yanzu na san ta iso hannunka, ka ga ban ɓoye maka komai ba. Ɗan kawunka ya rubuto da hannunsa yana neman izini, ka ce tatsuniya. Tela ya rubuto, ka ce wahayi.

Makulli na kai wa Tela har shago, na haɗa masa da tsintsiya don kada ya ce na yi rowa. Ɗamara kuwa ba zan bayar ba. Kai ka ɗaura, gaskiya ne, amma gumin da ya koɗar da ita nawa ne. In kana so ka zo ka kwance da kanka, sai dai ka sani sai ka fara kai ni ƙasa tukuna.

Na ji labarin magidancin, kuma wallahi ban yi dariya ba. Amma Yaya, da an koya masa sa haɓa a ƙirji, ƙeyarsa ba za ta riga bayansa sauka ba. Ka ga mutum ya faɗi ya ji ciwo, sai ka hana tsayuwa. Na yarda, ɗakinka ne. To, ba kai ne kuma kake tura mu gasa inda dole a tsaya ba? Ka hana mu taɓa ruwa a gida, sannan ka kai mu kogi ranar da ya cika.

Abokinka ya tafi da mutane. Ni wa na tafi da shi? Ɗebowa na je yi in kawo gida. Ko a karatu, malamin kirki shi da bakinsa yake ce maka, tafi wajen wane, ya fi ni sanin littafi kaza. Baba bai taɓa tambayata sunan gidanmu ba. Ran da na nuna masa shaƙar nan ta ƙafa da ka koya mini, tsohon ya kwanta ya ce in yi a kansa. Ya tashi yana tari, ido ja, yana cewa, "Wanda ya koya maka wannan ya san aikinsa." Kai ake yabo, kai kuma kana korar mai kai maka suna.

Gasa zan shiga. Na tambaya, an ce ana karɓar wanda ba shi da gida. Ka ga yanzu na cancanta.

Sauro, korarre amma lafiya ƙalau

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Mota ta zo ta koma, ta sake zuwa, ba takarda. Na tare direba, ya ce ya gan ka da idonsa kana aiki, sai hankalina ya kwanta cewa fushi ne ba ciwo ba. Gwaggo lafiya, tana tambayarka.

Yau ba dariya na kawo ba. An yi gasa. Na farko na share masa ƙafa, na gama shi a ƙasa da makullin hannun da ka koya mini. Na biyu aka kira ni da Tela.

Kafin mu shiga na same shi a gefe na ce, "Tela, don Allah kana jin an ce a fara, ka kama ni ka zauna yadda kuka saba. Kada ka tsaya da ni." Ya ce, "Korarre ne zai koya mini wasa?" 'Yan gidan duk suna kallo, ya ƙi zama. Ya turo ni da ƙarfinsa, jikina ya juya da kansa, kwankwasona ya shiga. Na riƙe hannun rigarsa na hagu na ja sama don in sauke shi a hankali, haka Baba ya koya mana. Na daman ya miƙa wa ƙasa. Na ji ƙarar, Yaya. Kamar an taka busasshen kara.

Ban tsaya an ɗaga hannuna ba. Ni na kai shi asibiti, aka ɗaure wuyan hannun. Likita ya ce zai haɗe, amma zai daɗe bai tura yadi a keke ba. Ni na raka shi gida, ni na tsaya gaban matarsa. Ba ta zage ni ba. Ta kalli hannun, ta kalli ɗinkin mutane da ke jibge a kan tebur, ta kawo mini ruwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu in na tashi daga guga shagonsa nake wucewa. Yana zaune da hannu a rataye yana ba da umarni, ni ina taka keke. Ya ce ɗinkina kamar sawun maciji, ya sa na farke wuyan riga ɗaya har na haddace ta. Ba na tanka masa. Ka san ba ƙaramin abu ke hana ni tankawa ba.

Gidan horo a rufe yake tun ranar. Ka rubuto, ko zagi ne.

Sauro

*

Sauro,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ka gaya wa Inna. Shirun da na yi, na rubuta ne na yaga, na sake rubutawa na yaga.

Tela ya sa matarsa ta rubuto mini. Ya ce ka gargaɗe shi, shi ne ya ƙi ji, ya kuma roƙe ni in mayar da kai. Abin da nake guje muku ke nan, ga shi ya faru. Ba zan ƙara maka da faɗa ba, abin da kunnenka ya ji ya ishe ka. Zaman da kake yi a shagonsa kuma na ji, Allah ya yi maka albarka.

Ka koma gidan horo. Tela ba zai iya riƙe darasi ba, kai za ka riƙe har in zo hutu. Ɗamararka taka ce. Sharaɗina bai canza ba: ka bar zuwa wajen tsohon, abin da ka koyo kuma ya tsaya a bakin ƙofa. A ɗakina a durƙushe ake farawa. Ina jin yanzu ka gane dalili.

Yayanka

*

Yaya,

Sallama, da godiya mai yawa. Gwaggo ta ji daɗin saƙonka, ta ce dama ta san shirunka na taurin kai ne, gado ne daga wajen mahaifinka. Hannun Tela ya fara ƙaiƙayi, an ce alamar haɗewa ce, yana sosawa da tsinken saƙa.

Na karanta takardarka a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ka ba ni darasi in riƙe. Tun ba ni da gashin baki nake share ɗakin nan, ban taɓa mafarkin za ka ce haka ba. Kullum da safe ta ƙofarsa nake wucewa in zan tafi shago, kau da kai nake yi.

Amma ba zan karɓa ba.

Na gane dalili, sai dai ba wanda kake so in gane ba. Hannun Tela a kwankwasona ya karye, zan ɗauki wannan har kabarina. Amma duk shekarun da ya yi a gidanka ba wanda ya taɓa ce masa ya janye shi. In na tsaya gaban mutanen nan na ce kowa ya durƙusa, sannan gasa ta zo na kwashe su na kai, to na jera hannuwa ne ina jiran wanda zai biyo baya. Na tsaya gaban mace ɗaya, ta ishe ni. Ko ka bar ni in koya musu faɗuwa a ɗakin, in riƙa kai su katifar Baba su tsaya, ko ka bar ƙofar a rufe har ka zo. Na san wanda za ka zaɓa, rufewar ce, ɗan Gwaggona ne kai.

Shekaranjiya ina taka keke, Tela yana kallon titi kamar ba da ni yake ba, ya ce, "Wai haɓar nan, a ƙirji ake sa ta ko a kafaɗa?" Na ce, "Ni korarre ne, tambayi mai gidanku." Ya jefe ni da ƙwaryar zare.

Ran da za ka zo hutu ka faɗa wa direba. Zan tarbe ka a tasha, in ɗaukar maka jaka, in durƙusa har ƙasa in gaishe ka yadda ƙane yake gaida wansa. Wannan durƙuson naka ne muddin ina numfashi. Na kan katifa kuwa, Yaya, na gama shi.

Haza wassalam,
Sauro